Kwanukan Barkisu

Duk wanda ya shigo Zongo a watan jiya, ko bai tambaya ba sai an ba shi labarin. Wai Osmanu mijin Barkisu ya tono zinare a galamse, haƙar nan ta bayan fage, dunƙule guda, girman doyar da ake kai wa surukai. Wasu suka ce doya ta yi kaɗan, kan saniya dai. Kafin labarin ya isa wurin mai shayi na bakin masallaci, zinaren ya yi nauyin da sai da aka biya masa kujera biyu a trotro, motar haya, aka kifa masa hula don kada 'yan sanda su gane shi a hanya. Wata tsohuwa ta rantse ta ga Barkisu tana wanke ƙafa da madarar gwangwani, tana goge ta da burodi.

To, ni Wahab, ɗan kawunta, abokin wasanta tun muna yawo ba wando, ina shaida muku cewa ƙarya ce tsagwaronta. Ko ɗan kunnen zinare Barkisu ba ta da shi. Na ƙarfen ma ɗaya ya ɓata, shi ya sa take jan ɗankwali har ya rufe kunnen hagu, mutane suna cewa sabon yayi ne na masu kuɗi. Abin da ya faru tubani ne kawai, tubani da kwanuka shida.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ita. Kakanmu ya zo Kumasi sayen goro, ya ce zai koma gida bayan damina. Damina ta wuce har ta gaji da wucewa, shi yana nan, a nan aka binne shi. Uwar Barkisu, gwaggona, koko ta sayar har ƙarshen ranta. Ranar da ta kwanta ciwo Barkisu ta ajiye jakar makaranta ta ɗauki ludayi, ba ta sake komawa ba. Ni na fi ta ilimi nesa ba kusa ba, don sai da na kai fom tu, aji biyu na sakandare, kafin malamai su roƙe ni in huta.

Mace ce siririya, doguwa, mai bakin da zai iya fere rogo. Kuma ba ta roƙo. In yunwa za ta kashe Barkisu, a tsaye za ta mutu tana tambayarka ya iyali. Bayan aure ta yi adashi ta sayi tsohuwar firiza, tana yin sobolo, wato zoɓo, da ƙanƙara, yaran makaranta suna layi a ƙofarta. Wata rana aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfin da zai iya tashin matattu, firiza ta yi tari sau ɗaya ta cika. Tana nan har yau a tsakiyar ɗaki kamar makara mai murfi. A cikinta Barkisu take ajiye ragowar kwanukan aurenta, waɗanda ba ta sayar ba.

Shi kuwa Osmanu walda yake yi a Magazin, unguwar makanikai, aiki ya tsaya, abokai suka ja shi daji wurin haƙar zinare ta bayan fage, wadda muke kira galamse. Da farko yana turo ɗan abu ta waya. Daga baya wayar ta daina shiga. Ya bar ta da yara uku: Faridatu da ke firamare, Rafi'u wanda bai fara makaranta ba, da Basma a goye.

Kada ku ce ni me na yi. Pragiya nake ja, keken nan mai ƙafa uku, mai ita ya karɓe abarsa ya ba ƙanin matarsa. A lokacin da nake ba ku labari, aljihuna ya yi tsabtar da za a iya yin tiyata a ciki. Shi ya sa ma nake yawan zuwa gaishe da Barkisu da rana tsaka.

Wata Juma'a ina can sai ga Abukari, yayan Osmanu, mai sayar da tsofaffin tayoyi a Buokrom. Bai aiko ba, bai kira ba, daga masallaci ya biyo. Ya tarar da kurfoti, murhun gawayi, a kife, ko toka babu, yara sun zagaye kofi ɗaya na gari jiƙaƙƙe, ba sukari, ba gyaɗa.

Ya ce, "Maman Faridatu, wannan shi ne abincin rana?"

Ta ce, "Sun ci da safe, Yaya. Wannan marmari ne kawai."

Rafi'u ya ɗago kai da cokali a baki. "Mma, yaushe muka ci?"

Wallahi da ƙasa tana da ƙofa da na riga kowa shiga. Abukari ya daɗe yana kallon yaran. Ba mugun mutum ba ne, ku ji ni da kyau.

Ya ce, "Ba faɗa na zo yi ba. 'Ya'yan ƙanina ne, jinina ne. Juma'a mai zuwa zan dawo bayan an sauko. In na same su a kan garin nan, zan tafi da Faridatu da Rafi'u. Gidana ba nama, amma tukunya tana hawa wuta kullum."

Ta durƙusa ta ce, "To, Yaya."

Amma ni da ita mun san gidan. Matar Abukari ba ta ciyar da bakin da ba ya ɗaukar faranti. Duk yaron da ya shiga gidan, washegari yana kasuwar Kejetia da piyawata, ruwan leda, a ka, yana tsere tsakanin motoci. Faridatu mai son karatu har da karanta jikin buhun shinkafa, ranar da ta tafi Buokrom ta gama makaranta ke nan. Barkisu ta taɓa ajiye jaka ta ɗauki ludayi, ta san yadda abin yake.

Da sassafe ranar Asabar ta aika aka kira ni. Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini abin da ya rage. In ka ba mai gawayi nasa, ka ba mai tumatir nata, ka sayi kan kifi, to Lahadi da yamma ka gama, sauran kwanakin sai ku ci hira.

Ta ce, "Wahab, wuta ce take cinye ni. Kullum gawayi, kullum mai, kullum kayan miya. Sau ɗaya zan hura wuta a makon nan."

Na ce, "Sauran ranakun fa? Rana za ki ɗora wa tukunya?"

Ta buɗe firiza ta fito da kwanukanta shida masu murfi, ta jera su a ƙasa.

Wanda ba ɗan Zongo ba sai na yi masa bayani. A wurinmu in maƙwabciya ta aiko miki da abinci a kwanonta, ba kya mayar mata da shi wayam. Sai kin zuba wani abu daga tukunyarki. Ita kuma mai kwano ba ta tambayar kwanonta, ko zai shekara a gidanki. Haka muka taso muka gani. Barkisu ta zauna ta auna gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya. Hajia Memuna ta kan kwana, kwano ba ya kwana biyu a hannunta, kuma tuwo da miyar ayoyo, wato lalo, take mayarwa, mai yawa. Anti Fusena mai sayar da waakye, shinkafa da waken nan na safe, ita sai Litinin, in kasuwa ta rage mata. Matar liman sai ta yi nawa, Talata ko Laraba. Haka ta bi su, ta san ranar girkin kowa da nauyin hannun kowa.

Na ce, "Matata, wannan ai noma za ki yi. Shuka kwano za ki yi ki jira ya tsiro."

Ta ce, "In ya tsiro kai ne farkon tsuntsun da zai sauka. Tashi ka samo mini ganye."

Duk kuɗin nan ta juye su a kan garin wake da kanwa da albasa da mai da gawayi. Tubani ta zaɓa don wake yana kumbura, kaɗan yana cika ido. Ta kwaɓa, ta naɗe a ganye, ta turara. Da ta zo soya albasa na ga yadda take tsiyaya mai, sai da na dafe ƙirji.

Na ce, "Ke, rage wa gobe mana!"

Ta ce, "Kwanon da ya fita a bushe a bushe yake dawowa. Bar ni."

Ta cika kwanuka shida, mai yana iyo a kai, yaji a gefe. Abin da ta rage wa gida bai fi na yini ɗaya da ɗan ƙari ba. Ta ɗora wa Faridatu kwanukan ta kai wa maƙwabta, ta ce in an tambaye ta na mene ne, ta ce Mma ta ce a taya mu godiya ga Allah.

Nan ne aka haifi zinaren. Ku duba da kanku. Mace mijinta yana galamse, a tsakiyar wata, ba suna ba biki, tana rabon tubani mai iyo a cikin mai, tana cewa a taya ta godiya. Me kuke so mutanen Zongo su ce? Kafin magariba an ce ya samu. Kafin Lahadi ya zama doya.

Mu ba mu sani ba tukuna. Ranar Lahadi Barkisu ta share ƙofar ɗaki, ta sake sharewa. Duk sallamar da aka yi a tsakar gida sai yara su miƙe. Mai gyaran takalmi ne. Mai neman canji ne. Kwanon Hajia Memuna, wanda ba ya kwana biyu, shiru. Ta yanyanka ragowar tubani siriri-siriri har kana iya hango mutum ta ciki, ta barbaɗa yaji, ta ba yara. Ita ta ce ta ci a wurin girki.

Litinin ta ce azumi take yi. Ba wanda ya yi mamaki, Litinin ce. Tun asuba ta goya Basma ta taka da ƙafa har kasuwar Bantama, inda ba wanda ya san fuskarta, ta bi bayan masu sauke kaya tana tsintar gutsuren rogo da ganyen gwaza, kontomire, da aka zubar. Gawayi babu, sai ta roƙi kafinta ɓaraguzan katako, ta ce masa za ta kori sauro ne. Abin da ta dafa ranar ban san sunansa ba, kuma ina jin shi ma bai san sunan kansa ba. Yara suka ci. Ni ma na ɗanɗana, don in tabbatar ba zai cutar da su ba.

Talata ta sake cewa azumi.

Na ce, "Yau kuma na mene ne?"

"Ramuwa."

"Ramuwar wa? Ina jin har na kakarmu kika haɗa."

Barkisu ta bar magana ta wuce ba ta rama ba, a nan na fara jin tsoro.

Da la'asar sai ga sallama, 'yar Anti Fusena ɗauke da kwano, an lulluɓe shi da sabon hankici. Rafi'u ya ruga ya wanke hannu ba wanda ya sa shi. Faridatu ta shimfiɗa tabarma. Barkisu ta karɓa da murmushi, ta ce a gaishe da Anti, ta jira yarinyar ta fita, sannan ta buɗe.

Sabulu ne mai ƙamshi, na kwali, da 'yar kwalbar turare.

Rafi'u ya ɗauki sabulun ya shinshina. Ya ce, "Mma, da me ake cinsa?"

Ta karɓe daga hannunsa a hankali. Ta juya mana baya ta dafa murfin firiza da hannu biyu, ta tsaya haka. Kafaɗunta kawai nake gani suna motsi. A duk tsawon zamana da Barkisu, ranar ce kaɗai na nemi abin tsokana a bakina na rasa.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kai sabulun da turaren unguwar Atonsu ka sayar. Kada ka tsaya inda aka san mu."

Na tafi, rabi a ƙafa rabi a bayan motar yashi. Na dawo da gari da 'yar gyaɗa. Da shi aka yi daren Talata da yinin Laraba, wato dai garin nan da Abukari ya ce kada ya sake gani.

Ranar Laraba ruwan nono ya fara ɗaukewa. Basma tana kama mama ta saki, ta buɗe baki tana kuka amma muryar ba ta fita sosai. A bakin famfo Barkisu ta sunkuya ɗaukar bokiti, jiri ya kwashe ta, sai da ta riƙe bango. Matan wurin suka yi dariya suka ce hutu ya fara yi wa Hajiyar zinare yawa, jikinta ya manta aiki. Ita ma ta yi dariya tare da su.

Ni dai na kasa haƙuri. Na wanke fuska na tafi gidan Hajia Memuna kamar gaisuwa ce ta kai ni. Ina shiga na hango kwanon Barkisu a saman kabad, an wanke shi yana ƙyalli, an rufe shi da kyalle kamar amarya.

Na ce, "Hajia, wannan kwanon kamar na san shi."

Ta ce, "Ei, Wahab, bar ni da kunyar kwanon nan. Kullum da shi nake kwana a rai. Ni na isa in zuba wa matar mai zinare tuwon masara? Ta ce na raina ta? Jira nake ɗana ya karɓi albashi in sayi abin kirki. Matar liman ma haka, jiya muka yi zancen. Fusena ce ta yi dabara, ta ce mai kuɗi ba ya rasa abinci, ƙamshi ake ba shi."

Na fito. Tuwo yana nan a kowane gida, ana ci ana ragewa ana ba awaki, kunya ce ta hana shi tsallaka layi.

Na ruga na gaya wa Barkisu. Na ce, "Shi ke nan, sauƙi ya zo. In fita in ce babu zinare, babu Osmanu, babu ko gawayi. Kafin isha kwanukanki sun dawo."

Ta ce, "Ka faɗa wa Hajia da azahar, kafin la'asar an ji a Kejetia. Teburin ƙanwarta yana jikin na matar Yaya. Ba zai ma jira Juma'a ba, gobe zai zo da leda ya kwashe kayansu."

"To in mun yi shiru fa?"

"Ya zo ya same su a kan gari."

Ta kalli Faridatu, wadda ke zaune a bakin ƙofa tana aikin makaranta a kan cinya, fensirin ya gajarce har yatsunta suna taɓa takarda. Yarinyar ta ji komai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mma, in na tafi Buokrom zan riƙa ɓoyo muku abinci ina kawowa."

Barkisu ta ce, "Rufe mini baki ki yi karatunki."

Ranar Alhamis da hantsi ta yi abin da uwarta ba ta taɓa yi ba, kakarta ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauko gyalenta ɗaya mai kyau, ta shafa hoda don ta rufe ramar fuska, ta ce in riƙe mata Basma in biyo ta. Za ta je tambayar kwanonta. A hanya sau biyu tana tsayawa wai takalmi ne yake cizonta.

Aka gaisa da Hajia Memuna, aka tambayi yara, aka tambayi mai gida, Barkisu ta ce yana lafiya. Sannan ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Hajia, ki yafe mini rashin kunya. Gobe yayan mijina zai zo cin abinci, ga kwanukana duk suna waje. Ko ba komai a ciki, a ba ni in samu abin zuba masa."

Hajia ta yi salati, ta miƙe tana ba da haƙuri, ta sauko da kwanon. Barkisu ta miƙa hannu za ta karɓa, gyale ya zame. Hajia ba ta saki kwanon ba. Ta kama wuyan hannun Barkisu, ta zagaye shi da yatsa biyu, har da saura. Ta kalli leɓenta. Ta juyo ta kalli Basma a hannuna tana wannan kukan nata marar sauti.

Ta ce, "'Yata, azumi kike yi da goyo?"

"Ramuwa ce, Hajia."

"Tun yaushe?"



Hajia ta karɓi jaririyar daga hannuna ta ce, "Kai, fita."

Na fita, amma ban yi nisa da taga ba, don iska ta fi kyau a wurin. Ban ji magana ba. Ƙarar cokali a kofi kawai na ji, da wani sauti kamar mutum yana shan abu yana shaƙewa. Da suka fito idon Barkisu ya yi ja, akwai ɗigon koko a gyalenta, a hannunta kuma ƙullin tuwo a leda na yara. Kwanon yana nan a hannun Hajia.

Hajia ta nuna ni da shi ta ce, "Kai mai bakin rediyo. In na ji ka ce wa wani babu zinare kafin gobe da yamma, harshen nan naka zan yanka in zuba a ciki in aika mata. Ka ji ni?"

Na ce, "Yoo, Hajia. Ni da idona na ga zinaren."

Da yamma na ga Hajia ta sa mayafi tana shiga gidaje ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta gaya musu ban sani ba. Abin da na sani shi ne maganar ba ta kai Kejetia ba, kuma tun da aka kafa Zongo ba a taɓa yin haka ba.

Ranar Juma'a tun kafin kiran salla kwanuka suka fara dawowa. Kuma ba su dawo su kaɗai ba. Kowane ya zo da ɗan rakiya, kwanon masu gida, tuwo a na Barkisu miya a nasu. Matar liman ta aiko da shinkafa. Anti Fusena ta aiko da waakye a babban kwanonta na kasuwa, da taliya da ƙwai a kai, 'yarta ta ajiye ta gudu ba ta yarda an haɗa ido ba. Na Hajia Memuna ya zo da miyar kaza. Barkisu ta juya miyar da ludayi, ƙafar kazar ta taso, yatsa ɗaya a karkace. Duk layinmu mun san kazar nan. Ita ce take yi wa Hajia ƙwan da take sayarwa ta sayi maganin hawan jini. Barkisu ta mayar da murfi ta zauna a ƙasa, ta daɗe ba ta tashi ba.

Hajia ta aiko da saƙo ɗaya: a ciyar da yara tun kafin baƙo ya iso, a ciyar da su har su ture kwano. Haka aka yi. Rafi'u ya ci har cibiyarsa ta fito tana gaishe da mutane.

Abukari ya iso bayan an sauko. Na lura da wata babbar leda a naɗe a hammatarsa, ta zuba kayan yara. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tabarma, kwanuka sun jeru har ba wurin taka ƙafa. Ya zauna. Ya ci tuwo, ya ci waakye, ya koma kan tuwo. Ni ma na taya shi, don bai kamata baƙo ya ci shi kaɗai ba. Sannan ya ɗauki cinyar kaza ya miƙa wa Rafi'u, yana kallonsa da kyau.

"Zo ka karɓa, ɗana."

Na ga hannun Barkisu ya damƙe bakin zani.

Rafi'u ya kalli cinyar, ya yi gyatsa, ya ce, "Na ƙoshi, Baba."

Abukari ya mayar da naman cikin kwano. Ya wanke hannu, ya tura ledar nan cikin aljihun rigarsa. Ya ce, "Ashe abin da nake ji gaskiya ne. Alhamdu lillahi. Maman Faridatu, ki riƙe 'ya'yanki. Amma ki ce wa Osmanu, mutum ba ya samu ya ɓoye wa yayansa. Rufin ɗakina yana yoyo."

Ta ce, "Zai ji, Yaya, ranar da ya kira."

Ya tafi shi kaɗai. Faridatu ta raka shi bakin titi ta dawo da gudu, ta shige bayan uwarta ta riƙe ta kamar wani zai canja shawara.

Kada ku ɗauka labari ya yi daɗi daga nan. Har yau wayar Osmanu ba ta shiga. Abincin ranar, da yake firiza gawa ce, Barkisu ta yanka tuwon ta shanya a kan kwanon rufi, shinkafar ta busar da ita kamar ƙanzo, suka ja mako na biyu da su. Ta samu wankin kayan wasu ma'aikatan jinya a Bantama, yana kawo na gari da gawayi, wani lokacin har da kifi. Abukari kuma ya aiko sau biyu yana tambayar maganar rufi. A cikin firiza kuwa, ban da kwanukanta, ga na maƙwabta a jere suna jira, don ba za ta mayar da su wayam ba. Tana sallamarsu ɗaya-ɗaya, wannan da ƙosai, wancan da albasa. Na Hajia Memuna ne ta ce ba zai fita ba sai da kaza mai rai a ciki, ko da za ta yi wanki har fatar hannunta ta ƙare.

Ɗazu da rana na biya gaishe ta, na same ta tana tuƙa ɗan tuwo. Na hau kan firiza na zauna, na miƙa hannu.

Na ce, "Hajiyar zinare, uwar masu shuka kwano, a sammana daga arzikin galamse mana. Ko sai na biya kujera biyu?"

Ba ta ko ɗago daga tukunya ba. Ta ce, "Wahab, duk Zongon nan kwano ɗaya ne na yi shekaru ina cikawa bai taɓa dawo mini da ko ashana ba, ga shi nan zaune a kan firizata da hula. Sauka ka ɗebo mini ruwa."